Man Ƙosai a Tankin Mota: Wasa Ne ko Karatu?



Tun da labari ya bazu cewa wasu daga cikinmu 'yan ajin ƙarshe, akasarinmu 'yan Birnin Kudu da Gwaram, muna shirin zagaya wani yanki na Arewa a tsohuwar mota mai aiki da man suya, ra'ayi ya rabu a makarantar nan. Wasu dariya suke yi, har sun raɗa wa motar suna Uwar Ƙosai tun ba su gan ta ba. Wasu kuma ransu ne ya ɓaci, suna cewa ana fama da tsadar abinci ka ɗauki mai ka zuba wa ƙarfe, ai wannan almubazzaranci ne. Takardarmu ta neman tallafi tana gaban majalisar ƙungiyar ɗalibai, kuma nan ba da jimawa ba za a yanke hukunci a kanta. Ina cikin masu shirin, don haka kowa ya san ɓangaren da nake. Abin da nake roƙo shi ne a karanta hujjojin tukuna, in ya so wanda zai yi dariya ya yi ta da saninsa.

Ba yau aka fara ba

A shekarar 1900, a babban baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris, an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, ya yi aiki lami lafiya. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, kuma dalilinta mu ya shafa: tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke da yawa amma man fetur sai an kawo daga nesa. Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin, shi da kansa ya ba da labarin wannan gwaji a jawabansa kafin rasuwarsa a 1913. A 1937 wani masani a ƙasar Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar hanyar sarrafa manja ya zama man mota, kuma a shekarar da ta biyo baya aka tuƙa bas ɗin fasinja da shi tsakanin Brussels da Louvain. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma, da man fetur ya yi wuya, ƙasashe da dama sun koma wa man tsirrai.

Abin da ya kashe maganar shi ne araha. Man da ake haƙowa daga ƙasa ya yi ta sauƙi har babu mai waiwayen na gona. Mu kuwa a nan, shekarun da ake tara dalar gyaɗa a Kano jirgin ƙasa yana kwashewa zuwa teku, gyaɗar muke sayarwa mu sayo mai da kuɗin.

Yau arahar nan ta tafi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Shi kuwa dizal, wanda direbobi da masu injin niƙa ke kira gas, an daɗe da sakar wa kasuwa shi, kuma shi ma ya yi tashin gwauron zabo. Matatar Dangote da ke Legas ta fara fitar da dizal a 2024, kuma mu 'yan Birnin Kudu muna alfahari da cewa mai matatar ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta garinmu. Sai dai alfahari ba ya rage nisan hanya. Duk litar da mai injin niƙa zai zuba a Basirka ko Farin Dutse sai ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 a bayan tanka, kuma kuɗin wannan tafiya yana cikin abin da uwar gida ke biya in ta aika niƙa.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Bari mu fara da gyara wani kuskure da nake ji a bakin mutane. Motar fetur ba za ta taɓa aiki da man suya ba. Kada wani ya karanta wannan ya je ya zuba wa babur ɗin babansa man gyaɗa, ya ce mu muka sa shi. Injin fetur yana buƙatar mai mai saurin zama tururi, wanda tartsatsin fulogi zai kunna. Injin dizal ba shi da irin wannan fulogi. Fistan ne ke matse iska har zafinta ya wuce digiri 500, sai nozul ya fesa mai a ciki kamar raɓa, man ya kama da kansa. Duk man da zai fesu sosai kuma ya ƙone a wannan zafi, injin zai karɓa.

Matsalar tana wajen fesuwar. Man gyaɗa ko na waken suya ya fi dizal kauri wajen ninki goma. In ka tura shi da sanyinsa, nozul ba zai watsa shi ba, sai dai ya tofo shi ɗigo-ɗigo. Ɗigon da bai ƙone ba shi ne ke zama baƙar dauɗa a bakin nozul da ringin fistan, wani kuma ya sulale ya gauraya da baƙin man injin ya mai da shi kamar danƙo. Yawancin injinan da suka mutu a irin wannan gwaji, nan suka mutu.

Maganin kauri shi ne zafi. Kowace mai tuya ta san yadda mai ke tsinkewa ya koma kamar ruwa in kasko ya ɗau wuta. In aka ɗumama man zuwa digiri 70 ko 80, kaurinsa yana sauka ya kusanci abin da famfon injekta zai iya turawa. Shi ya sa tsarinmu tanki biyu ne. Ƙaramin tanki na dizal, da shi za a tayar da mota. Babban tanki na man suya, wanda tiyon ruwan zafi daga lagireto zai bi ta jikinsa da jikin filtarsa. In injin ya yi zafi sai direba ya juya makunni, mota ta koma kan man suya. Saura kamar kilomita biyar a tsaya, sai ya mayar da ita kan dizal don ya wanke bututu da famfo, kada man ya kwana a ciki ya yi kauri.

Akwai wata hanyar, wato a dafa man da sinadarin metanol da soda a raba shi da giliserin, a samu abin da ake kira bayodizal, wanda ba ya buƙatar a taɓa mota. Ƙasar Indunusiya ta yi nisa a wannan, tana gauraya sama da kashi ɗaya cikin uku na dizal ɗinta da wanda aka yi da manja. Mu ma Najeriya muna da manufar man tsirrai tun 2007, a takarda. Mun bar wannan hanya ne saboda metanol guba ne mai makantarwa, sayo shi ake yi daga nesa, kuma kowace lita biyar ta mai tana cin wajen lita ɗaya tasa. Abin da bakanike a Gwaram ba zai iya maimaitawa da kayan da ke garejinsa ba, ba shi muke nema ba.

Haka kuma ba kowace motar dizal ba ce za ta yi. Sababbin nan masu kwamfuta, masu fesa mai da matsanancin ƙarfi, ko kusa kada a gwada su. Tsofaffin Marsandi na shekarun 1970 da 1980, irin su 200D da 240D, su ne aka fi sani da haƙuri a wannan aiki, saboda famfonsu na ƙarfe ne zalla kuma man yana fara ƙonewa ne a wani ɗan ɗaki kafin ya isa kan fistan. Irin wadda muka samu ke nan, ta wani dattijo da ta shekara huɗu a ƙarƙashin darbejiya awaki na kwana a inuwarta. Da tsohuwar zuma ake magani.

To ina man yake?

Nan ne maganar take da nauyi, kuma nan ne nake ganin masu sukarmu suka fi mu ƙarfi in ba mu yi hattara ba.

A Amurka da Jamus, masu irin wannan tafiya gidajen abinci suke bi, a ba su tsohon mai kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, don can sharar da ake neman kai da ita ce. A nan fa? Je ka tashar Birnin Kudu da safe ka tsaya wajen mai ƙosai, ko ka shiga kasuwar Sara ka duba masu tuyar awara da fanke da kifi. Babu mai zubar da mai. In ya ragu a ƙara sabo a kan tsoho, in ya yi baƙi ƙirin a kai gida a yi miya da shi ko a zuba a garau-garau. Kuma ba za ka ga laifinsu ba, domin man shi ne rabin jarinsu. Duk wanda ya tsara wannan tafiya yana tunanin zai riƙa tsayawa gari-gari ana cika masa jarka, to a garin farko zai kwana.

Sabon mai kuwa ba abin tattaunawa ba ne. Litar man gyaɗa a kasuwa ta fi litar dizal tsada nesa ba kusa ba, ga shi ƙarfin da ke cikinta bai kai na dizal ba, ya gaza da kamar kashi goma cikin ɗari. Wanda ya sayi man ƙuli ya zuba a tanki ya yi asara sau biyu, sannan ya taya tsadar abinci hawa. A kan wannan ni da masu cewa almubazzaranci ne bakinmu ɗaya, kuma mun rubuta a takardarmu cewa ko cokali ɗaya na man da mutum zai iya ci ba zai shiga motar nan ba.

Saura hanya biyu. Ta farko ita ce man da ya riga ya mutu. Man da aka yi ta maimaita tuya da shi yana canzawa, yana tara sinadarai masu illa ga jiki, shi ya sa ƙasashe da yawa suka sa iyaka a kansa. A Indiya hukumar kula da abinci ta hana amfani da man da lalatattun sinadaransa suka wuce kashi 25 cikin 100, kuma a 2018 ta ɓullo da shirin tattara irin wannan mai a mai da shi bayodizal. Tunanin mai sauƙi ne: in tsohon mai yana da mai saye, mai tuya ba za ta ji zafin rabuwa da shi ba. Abin da muka fara gwadawa ke nan. Muna ba masu tuya sabon mai kaɗan su ba mu baƙin nasu mai yawa, kuma muna karɓa daga manyan gidajen abinci na Dutse da Kano, inda ake soya kaji da dankali da yawa har ake sauya mai. Man da muka cire daga kasko mun cire shi ne daga cikin yaran da ke sayen awara a ƙofar makaranta. Ko motar ba ta motsa ba, wannan kaɗai abin yi ne.

Hanya ta biyu ita ce man da ba a ci tun asali. Bini-da-zugu, wanda kakanninmu ke shinge da shi saboda dabba ba ta cin sa, ƙwayarsa tana da mai wajen kashi ɗaya cikin uku, kuma kilo huɗu yana iya ba da kusan lita guda. 'Ya'yan darbejiya da ke zuba a titunanmu ana sharewa ana ƙonawa, su ma mai ne a cikinsu. A garin Garalo na ƙasar Mali, wata ƙungiya mai suna Mali Folkecenter ta kafa injinan wutar lantarki da aka tsara su yi aiki da man bini-da-zugu da manoman yankin ke nomawa. Sai dai a nan ma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Wajen 2007 duniya ta yi ta rububin wannan shuka, ana cewa za ta yi yabanya a ƙasar da ba ta noma. Manyan kamfanoni suka zuba kuɗi, har da BP, wanda ya janye a 2009. Abin da aka gano shi ne shukar tana rayuwa a busasshiyar ƙasa amma ba ta 'ya'yan kirki sai da ruwa da taki. Don haka ba ma kiran kowa ya bar gero da riɗi ya shuka bini-da-zugu. Shingen gona da bakin hanya da 'ya'yan itacen da ake asararsu, iyakar abin da muke magana a kai ke nan.

Shi tsohon mai ba a zuba shi yadda aka karɓo. Akwai ruwa a cikinsa, da gishiri, da ɓurɓushin ƙosai. Sai an bar shi a duro ya kwanta mako biyu, a tsiyaye na sama, a ɗumama, a tace da ƙyalle, sannan a bi da shi ta filtar mota mai ƙananan ƙofofi. Gwajin ruwa kuwa kowa zai iya: ɗiga kaɗan a kasko mai zafi, in ya yi tsartsatsi akwai sauran ruwa, a mayar da shi. Ruwan nan shi ne ke cin famfon injekta, kuma famfon yana da tsada sosai. Man da ya yi tsami da yawa kuma a ɗakin gwaje-gwajen makaranta za mu auna shi mu ware.

Hanya da lissafinta

Za mu tashi daga Gwaram mu biyo Birnin Kudu zuwa Dutse. Daga nan Haɗejiya, sai Gumel, mu leƙa Maigatari a bakin iyaka, mu yanko zuwa Kazaure, mu wuce Daura da Katsina, mu gangaro Kano, mu biyo Wudil da Kwanar Huguma mu dawo gida. A lissafinmu tafiyar ta kusa kilomita 1,000. Ba don yawon buɗe ido muka zaɓi wannan zagaye ba. Duba garuruwan da kyau: akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, akwai Binyaminu Usman a Haɗejiya, Hussaini Adamu a Kazaure, ta tarayya a Daura, Hassan Usman a Katsina, ta jihar Kano, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil. Niyyarmu a kowane zango mu buɗe bonet a gaban ɗalibai da malamai da makanikan garin, su duba, su yi tambaya, su kushe abin da ya cancanci kushe.

Ga lissafin mai. Mun ɗauka motar za ta sha lita 8 na dizal a kilomita 100, wanda gwaji ne zai tabbatar. Da man suya sai mu ce lita 9. Kilomita 1,000 ke nan lita 90, wato jarka huɗu masu cin lita 25 da ɗan rara. A ƙara lita 15 na dizal don tayarwa da kashewa. Tun da wajen tacewa ana asarar wani kaso, sai mun tara ɗanyen tsohon mai kamar lita 130 kafin mu ce mun shirya. Duka man za mu ɗauka daga gida, tatacce, kuma za mu ware jarka ɗaya ta man bini-da-zugu don wani zango na musamman, a ga bambancinsa da na suya.

Lokaci kuma shi ne kaka, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Da damina hanyoyin yankin Haɗejiya ba su da tabbas saboda ambaliya. In aka shiga tsakiyar hunturu kuma mai yana barci a jarka, musamman wanda aka gauraya da na manja, kuma yawancin man da ake tuya da shi yanzu irinsa ne. Da bazara man zai ji daɗi, amma tsohon lagireto da tsofaffin tayoyi ba za su ji ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mu doshi ko'ina, motar za ta yi ta zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da Gwaram har sai ta cika kilomita 300 a kan man suya, sannan a kwance nozul a duba. In ya yi dauɗar da ta wuce misali, tafiya ta fasu sai an gyara. Sauran ƙa'idojin da muka ɗaura wa kanmu su ne: babu tafiyar dare, mutum huɗu kacal a mota har da bakanike, takardun mota da lasisin direba cikakku, wasiƙar makaranta a hannu saboda shingayen jami'an tsaro, abin kashe gobara guda biyu, filta uku na safaya, kuma a sauya baƙin mai a rabin lokacin da aka saba. Mun kuma bar hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki, ko da sun fi kusa. Iyayenmu ba su turo mu karatu don mu zama labari ba.

Wani zai ce ɗaukar jarkokin mai a but ba haɗari ba ne? Tambaya ce mai kyau, musamman a jihar da ba ta manta da Majiya ba, inda a Oktoban 2024 tankar fetur ta faɗi ta kama da wuta, mutum sama da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko a cikin tsananin sanyi. Dizal sai ya haura digiri 50. Man suya kuwa sai ya wuce digiri 200 kafin tururinsa ya kama. A cikin ukun, shi ne mafi aminci a ɗauka.

Masu cewa an bar mu a baya

Akwai suka ta uku, kuma daga 'yan sashen lantarki ta fi fitowa. Suna cewa duniya ta koma motar batir da hasken rana, gwamnati kuma tana tura mutane ga iskar gas ta CNG, mu kuma muna nan muna tono fasahar 1900. Suna kawo misalin Mustapha Gajibo da ke haɗa motocin bas masu lantarki a Maiduguri, da Jelani Aliyu ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Wallahi ina girmama waɗannan mutane, kuma ban ce man ƙosai zai maye gurbin fetur a Najeriya ba. Ko an tattara duk tsohon man da ke Jigawa ba zai riƙe motocin tashar Dutse kaɗai ba.

Amma ku zo mu je ƙauye. Injin niƙa da ke Kiyako, injin casar shinkafa da ke Fagam, injin sussukar da ake yawo da shi gona-gona da kaka, tsohuwar tarakta, janaretan da ke tura ruwa a tanki, da yawansu dizal suke sha, kuma masu su ba su da kuɗin sauya su bana ko baɗi. Irin waɗannan injina masu silinda ɗaya, masu tafiya a hankali da nauyi iri ɗaya tsawon yini, sun ma fi mota dacewa da man tsirrai. In mai injin niƙa ya iya rage ko da kashi ɗaya cikin huɗu na gas ɗin da yake saye da man da aka matse a garinsu, kuɗin nan a garin zai tsaya, wajen matan da suka tsinto 'ya'yan darbejiya da yaron da ya matse su.

To me ya kawo mota, me ya sa ba mu tsaya a injin niƙa ba? Saboda gani ya kori ji. In muka tayar da inji a bayan ɗakin aiki na makaranta, mu goma ne za mu gani, sai malamin da zai ba da maki. Motar da ta taso daga Gwaram ta iso Katsina salansarta na ƙamshin tuya kuwa, duk tashar da ta tsaya sai an taru. Hanya kuma tana gwada abin da teburin gwaji ba ya gwadawa: rami, ƙura, zafin rana, cunkoson Kano, hawa da gangara.

Abin da za mu dawo da shi

'Yan uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya game da furojet ɗin ajin ƙarshe, a makarantu irin namu gaba ɗaya. Nawa ne ake kwafowa daga na bara a sauya suna? Nawa ne ake ba wani a gari kuɗi ya haɗa, a zo a tsaya a gaban malamai ana karanta abin da ba a fahimta ba? Ƙarshensu dai sito, ƙura ta rufe su. An kafa kwalejojin fasaha ne don su fitar da mutanen da hannunsu ya iya, kuma abin kunya ne a ce yaron gareji da bai gama firamare ba ya fi mai difloma sanin cikin famfon injekta.

Mun yi alƙawarin littafin tafiya. A kowane zango za a rubuta kilomita nawa aka yi, lita nawa aka sha, zafin mai nawa ne a bakin famfo, yaya launin hayaƙi, yaushe filta ta toshe. Za a ɗauki hoton nozul kafin tashi da bayan dawowa. Za a rubuta kuɗin da kowace lita ta ci tun daga karɓowa har tacewa, domin in ta fi dizal tsada, to a sani. Duk wannan za mu buga shi a wannan mujalla, da Hausa, yadda bakanike zai karanta ya gane, ko sakamakon ya yi mana daɗi ko bai yi ba. In motar ta mutu a Gumel aka jawo ta da igiya, za mu rubuta abin da ya kashe ta, 'yan bayanmu su fara daga inda muka tsaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da muke nema daga ƙungiya bai kai abin da ake kashewa a daren liyafar bankwana ɗaya ba: kuɗin tanki na biyu da tiyo da filtoci, tayoyi biyu, dizal na tayarwa, da wasiƙar gabatarwa zuwa ga takwarorinta na makarantun da za mu bi. Aikin hannu namu ne, abincin hanya ma daga aljihunmu. Ba na adawa da liyafa, ni ma na ɗinka kayana. Amma kuɗin ƙungiya kuɗinmu ne duka, kuma ya kamata wani abu daga ciki ya tafi ga abin da zai rage bayan an naɗe tabarma.

Ga sauran ɗalibai kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kimiyyar gwaje-gwaje, muna buƙatarku wajen auna tsamin mai. 'Yan lantarki masu yi mana dariya, ku zo ku haɗa mana na'urar auna zafi. 'Yan akanta, ku riƙe mana lissafi don kada a ce an ci kuɗi. 'Yan uwa mata da iyayensu ko yayyensu ke sana'ar tuya, ku ne za ku buɗe mana ƙofar da mu ba za mu iya buɗewa ba. Wanda kuma yake da shingen bini-da-zugu a gonar gidansu, in ya je hutu ya tsinto mana, amma a kula da yara, ƙwayar guba ce, ba a ci.

Wakilanmu a majalisa, ranar da takardar nan ta zo gabanku ku yi mana tambayoyi masu zafi, ku nemi ganin lissafi, ku sa sharaɗin da kuka ga dama. Bayan haka ku amince.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Wassalam.